Celeron N3060, AMD A6 ko tsohon i3: wanne zan ɗauka da riyal 450?

Abu_Hafsa_Madina:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan kwamfuta. Na shiga shekarar ƙarshe a Kulliyar Hadisi a nan Madina, bahasin kammalawa ya taso, kuma na gaji da bugawa a waya, babban yatsana har tsami yake yi. Abin da na iya tarawa daga mukafa'a, wato alawus ɗin ɗalibai, riyal 450 ne, in an matsa ni ƙwarai in kai 500. Na zaga na ga laftof uku na hannu.

Ta farko mai furosesa Celeron N3060 ce, ram gigabayit 4, hadis (wato hard disk, faifan ma'ajiya) gigabayit 500, siririya, fes da ita, mai ita ya ce batirin yana kai awa huɗu. Riyal 350.

Ta biyu AMD A6-9225, ram 4, hadis tera ɗaya. Riyal 450, ya ce ba ragi.

Ta uku Core i3-3110M, ram 4, hadis 320, mai kauri kamar an haɗa mujalladi biyu, batirinta ya mutu sai a jikin caja. Riyal 380.

Aikina Word ne, da Shamila (manhajar nan mai tarin littattafan addini na Larabci), da buɗe littattafan PDF, sai Zoom da iyali a gida lokaci-lokaci. Mai ta farkon ya ce min tasa tana kai 2.48 GHz, i3 ɗin kuma 2.4 ne kawai, sannan tasa ta fi ƙuruciya da shekara huɗu, don haka ta fi sauri. Haka ne?

Bn_Misfala:
Wa alaikumus salam. Ɗalibin Kulliyar Hadisi ya zo yana tambayarmu a kan hadis, lallai duniya ta zo ƙarshe. Ustaz ka ɗauki i3 ɗin, khalas. Da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniya_Sharafiya:
Wa alaikumus salam Malam Abu Hafsa. Shekarata goma sha ɗaya ina buɗe cikin waɗannan na'urori a Jidda, kuma wannan maganar ta GHz ita ce wadda aka fi cin mutane da ita. Mai shagon bai yi ƙarya a kan lambar ba. N3060 yana tashi daga 1.6 ya kai 2.48, i3-3110M kuma yana tsaye a 2.4, ba ya hawa. Amma GHz yawan sawu ne kawai, ba ya gaya maka nauyin kayan da ake ɗauka a kowane sawu. Ka ɗauki dabbab, ƙaramar motar kaya, da daina, babbar motar kaya, ka sa su jigilar kaya daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya, kowace ta yi sawu goma a wuni. Yawan sawunsu ɗaya ne, amma wa ya kwashe kayan?

N3060 sunansa Celeron, amma jininsa na Atom ne, dangin da Intel ta ƙera don na'urori masu cin wuta kaɗan. Iyalinsu ana ce musu Braswell, shi ya fito a 2016, wat 6 yake ci. Ƙwaya biyu gare shi, abin da Larabawa ke rubutawa nawat a tallansu, kuma kowace ƙwaya aiki ɗaya take riƙewa. Shi kuwa i3-3110M na 2012 ne, jil na uku, wato zubi na uku, wanda ake ce wa Ivy Bridge, wat 35 yake ci. Shi ma ƙwaya biyu ne, amma kowace tana da hannu biyu, shi ya sa in ka buɗe mudirul maham, wato Task Manager, za ka ga gida huɗu. A ƙarfin aiki ba su ma kusa ba, tsohon ya bar yaron nesa.

Abin da za ka biya a madadin ƙarfin shi ne zafi da ƙarar fanka da nauyi a jaka.

Abu_Hafsa_Madina:
Allah ya saka da alheri Injiniya, misalin dabbab ɗin ya zauna min. To ita ta AMD ɗin fa? Ita ce ta fi tsada kuma ita ce ta fi sabunta.

Injiniya_Sharafiya:
A6-9225 na 2018 ne, yana tafiya 2.6 ya kai 3.0, wat 15. Ya fi N3060 ba tantama. Amma shekarar fitowarsa kada ta ruɗe ka, ƙirarsa tsohuwa ce. Kafin Ryzen, sabon dangin furosesan AMD, ne asalinsa, kuma a kan nanomita 28 aka yi shi (ƙanƙantar wannan lambar ita ce sabuntar ƙira), alhali i3 ɗin da ya girme shi da shekara shida a kan 22 yake. Ƙwayoyinsa biyu suna raba wasu kayan aiki a tsakaninsu, kamar kishiyoyi biyu da murhu ɗaya, kuma ram ɗinsa hanya ɗaya take bi ko da ka ƙara. In aiki ɗaya kake yi za ka ji shi daidai da i3 ɗin, in ka buɗe Word da Shamila da burauza tare, i3 zai ɗan fi shi numfashi. Ni dai ba zan ba da 450 a kanta ba, domin in ka bayar ba ka da ko riyal ɗin sayen SSD, ma'ajiyar nan da ta fi hadis sauri.

UmmuKhadija_Makka:
Injiniya ka yi haƙuri, kishiyoyi biyu da murhu ɗaya ba jinkiri kawai suke kawowa ba, gobara ce.

Ni dai ina da mai N3060 ɗin nan shekara biyar ke nan, yara suna shiga darasi da ita, ni kuma ina rubuta lissafin abayoyi da turare da nake aikawa Kano. Ba ta da fanka ko ɗaya, shiru kake ji, ko a kan katifa ka ɗora ta ba ruwanta. Tana da nawa, gaskiya, in ka kunna ta sai ka je ka ɗora shayi ka dawo. Amma ba ta taɓa kai ni wajen mai gyara ba. Kada a yi mata rashin adalci.

ɗan_Kurna_Riyad:
Hajiya ai shi ne matsalar. Ke lissafi kike rubutawa shafi biyu. Shi bawan Allah bahasi zai yi mai shafi ɗari da wani abu, kowane shafi rabinsa hamishi, wato bayanan ƙasan shafi. Na ga abokina yana fama da risalarsa ta majistir a kan irin wannan Celeron ɗin, in ya ƙara hamishi ɗaya a babi na farko sai Word ta tsaya tana sake lissafa lambobi har ƙarshen littafi, shi kuma ya riƙe kai. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

UmmuKhadija_Makka:
To ai ban ce ya saya ba ƙanena, cewa na yi tana da ranarta.

Malam_Tanko_IT:
Ina so in gyara wani abu kafin a tafi da shi a haka, domin na ga an fara yi wa Celeron kuɗin goro. Celeron ba ɗaya ba ne. N2840 na 2014 da N3050 da N3060 duk kusan jirgi ɗaya ya kwaso su, ba wani tazara a tsakaninsu. N3350 na 2016 ya ɗan ɗaga. Amma daga N4000 da ya fito ƙarshen 2017, da ƙanensa N4020 na 2019, labari ya canza. Su ma wat 6 suke ci, amma an faɗaɗa musu ƙira, an ba su ma'ajiyar kusa ta megabayit 4, har N4020 ya kusa kamo tsohon i3 irin wanda ake magana a kai, ba tare da zafi ba.

Akwai kuma abin da Injiniya bai ambata ba. Bidiyon YouTube yawanci da tsarin VP9 yake zuwa. Katin hoton da ke cikin i3 jil na uku, wato HD 4000, H.264 ya iya warwarewa da kansa, bai san VP9 ba, sai ya jibga wa furosesa aikin, fanka ta tashi kamar za ta bar ƙasa. N4000 da N4020 kuwa suna da sashen da ke warware VP9 a jikinsu, sai ka ga ƙaramin yana nuna bidiyo lafiya lau babban yana gumi. Mai tsohon i3 zai iya sa ƙarin burauza da ake ce wa h264ify ya tilasta wa YouTube ta aiko da H.264, yana taimakawa ƙwarai.

Sannan maganar Windows. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Cikin ukun da Malam ya lissafo babu ko ɗaya da ke jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su. N4000 da N4020 suna ciki. Wannan abin dubawa ne.

Injiniya_Sharafiya:
Malam Tanko ka yi gaskiya a kan N4020, na yarda. Amma ka faɗa masa ɗaya gefen. Mafi yawan laftof ɗin da ke ɗauke da shi ram ɗinsu 4 ce a manne da bod, ba gurbin ƙari, kuma ma'ajiyarsu eMMC ce 64, wadda ba ta kai SSD sauri ba, ita ma a manne. Windows 11 a kan ram 4 kamar a sa wa jaki kayan raƙumi ne, zai tashi amma ka ji tausayinsa. Tsohuwar i3 kuwa ka kwance noti biyu ko uku a bayanta, yawanci ga gurbin ram biyu, ga gurbin hadis, ka canza abin da kake so da hannunka.

Malam_Tanko_IT:
Ba duka ba. Masu inci 15 da yawa suna da gurbin ram da na hadis. Ƙananan masu inci 11 da 14 ne aka fi manne musu komai.

Direban_Batha:
Ni ba masani ba ne, amma bari in ba ku abin da ya same ni, ko wani zai tsira. Shekara uku da suka wuce na ga talla a waya, an rubuta ruba'iyyun nawat, ƙwaya huɗu ke nan, ga araha. Na ce yau na yi tsuntuwa, tunda abokina tasa biyu ce kuma ya fi ni biya. Muka haɗu da mutumin a bakin wani masallaci bayan Isha, ya kunna ta na ga ta kawo haske, na biya na tafi. Ashe Atom x5-Z8350 ne, ram 2, ma'ajiya 32. Ƙwaya huɗun gaskiya ne, sai dai huɗun duka ba su kai ɗaya ta kirki ba. Ma'ajiyar kuma ta cika tun kafin in sa komai nawa, sabuntawa ma ba ta samun wurin sauka. Na kira lambar mutumin, a kashe. Yanzu tana wajen 'yata tana kallon karatu a kanta. Laifina ne, na yi sayen kifi a ruwa.

Bn_Misfala:
Allah ya mayar da alheri Yaya. Ni sitika aka canza min. An manna Core i5 a jiki, na dawo gida na duba ciki na ga Pentium N3540. Da na koma mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa. Yani wa za ka kama?

Injiniya_Sharafiya:
Sitika riyal nawa ce? Kada wanda ya ƙara sayen kwamfuta da sitika. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, mudirul maham zai buɗe, ka shiga sashen ada'u, wato Performance, sunan furosesa yana nan a sama da cikakkiyar lambarsa. In kana so ka ƙara tabbatarwa ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka gani, ko ka tafi da CPU-Z, manhajar da ke nuna kayan cikin kwamfuta, a filashi.

Karanta lambar ma ba wuya. A dangin Core na wancan zamani, lambar farko bayan ɗan layin ita ce jil. 2350M jil na biyu, 3110M na uku, 4005U na huɗu, 5005U na biyar, 6006U na shida. Harafin ƙarshe kuma yana da magana. M cikakken wuta ne, irin su 3110M wat 35. U mai tsimi ne, daga jil na huɗu wat 15. Shi ya sa za ka ga i3-4005U mai 1.7 GHz, duk da ya fi 3110M ƙuruciya, bai fi shi gudu ba, sai dai ya fi shi riƙe batir da sanyi. Mutane suna jin jil na huɗu sai su ƙara kuɗi suna zaton sun hau sama.

Jil na biyu kuma ina ba da shawarar a bar shi in akwai na uku. Katin hotonsa HD 3000 ne, Intel ba ta fitar masa da direba na musamman don Windows 10 ba, da wanda Windows ta kawo ake lallaɓawa.

MaiWurno_82:
Salamu alaikum ya jama'a. Ina karanta ku daga Gadarif ta Sudan, kuma ina ganin duk kuna magana ne kamar mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa. Ku da ke Saudiyya kun manta da wannan. Mu tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 muka san darajar wat. Laftof ɗina mai N3350 ce, kuma da ɗan faifan sola da batir ƙarami nake cika ta, ta kai ni wuni ina rubuta wa mutane takardu ina cike musu fom. Maƙwabcina yana da tsohuwar i5 mai ƙarfi, cajarta wat 90, batir ya mutu, yanzu ta zama abin danne takarda. Ya zol Abu Hafsa, tambayar da zan yi maka ɗaya ce: a Madina za ka bar ta in ka gama, ko gida za ka tafi da ita? In gida ne, wane gari, kuma awa nawa kuke samun wuta?

Ga kuma ƙura. In habub, guguwar ƙura, ya taso a nan, duk mai fanka sai ta sha ƙasa ta ƙoshi. Marar fanka ba ta da hancin shaƙa.

Abu_Hafsa_Madina:
Allah ya kawo muku zaman lafiya ɗan'uwa, wallahi kuna cikin addu'armu. Ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Gida zan tafi da ita, Gusau, kuma maganar wuta ka san ta ba sai na faɗa ba. Ban yi wannan tunanin ba sam.

Baba_Alhaji_Jarwal:
Amin ya Allah. Ɗana na Gadarif, Allah ya yaye muku. Ina da 'yan'uwa a Sinnar da Mai Wurno, kakanninmu tare suka taso daga Sakkwato, wasu suka tsaya a bakin Nilu wasu suka ƙaraso nan Saudiyya. Ni ban san Celeron ba ban san i3 ba, jikata ce take karanta min tana rubuta min. Abin da zan ce wa yaron nan na Madina shi ne, duk wadda zai saya ya karɓi fatura, wato rasit, ko takarda da sa hannun mai sayarwa. Kayan hannu ba a san inda suka kwana ba. Kada ɗalibin ilimi ya je ya sayi abin da zai ja masa tambaya.

Abu_Hafsa_Madina:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. In sha Allahu zan kiyaye.

ɗan_Kurna_Riyad:
Maganar MaiWurno tana da nauyi amma ba ta kashe i3 ba. Batirin waɗannan tsofaffin a waje yake, ka zare ka sa wani kamar na rediyo, kuma ana samun sababbi na kamfanonin China a shagunan kwamfuta na Ulayya a nan Riyad, na tabbata Jidda ma akwai a titin Khalid bin Walid. Ba zai kai awa huɗu ba, amma awa biyu zuwa biyu da rabi yana samuwa. Siririyar kuwa batirinta a ciki yake, ran da ya kumbura sai an buɗe ta gaba ɗaya. Kuma awa huɗun nan da mai shago ya faɗa, wa ya gani? Kwamfutar da ta kai shekara takwas ko tara?

Malam_Tanko_IT:
Wannan ana iya gwadawa a gaban mai shagon. Ka buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto. Ka duba ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya cika yanzu. In na biyun bai kai rabin na farkon ba, awa huɗu tatsuniya ce.

Tunda an zo maganar tafiya gida: cajar ba matsala, kusan duka suna karɓar 100 zuwa 240, kuma filogi mai ƙafa uku na nan shi ne na Najeriya. Amma in ka sayi ƙarin batir kada ka sa shi a akwatin da za a auna, a jakar hannu ake shiga da shi jirgi.

Ustaz_Kulliyar_Lugga:
Ni ina ganin an tsaya a kan furosesa an bar inda gizo ke saƙa. Ukun nan duka tsohon hadis mai juyawa ne a cikinsu. Na yi shekara biyu da mai i3-5005U ina zaginta kullum, bincike ɗaya a Shamila sai in ji tana ƙugi. Ran da na cire hadis ɗin na sa SSD 240 na ƙara ram ta zama 8, wallahi sai na ɗauka an canza min ita. Kunnawa da take cin minti biyu ta dawo daƙiƙa ashirin ko ƙasa. Bincike a dubban littattafai karatu ne daga ma'ajiya kafin ya zama aikin furosesa. Don haka lissafin da ya kamata Abu Hafsa ya yi shi ne: wacce ce in na saya zan samu ragowar kuɗin SSD, kuma tana da gurbin sa shi? Da wannan lissafin ta AMD ta fita, sai dai in mai ita ya sauko.

Tsohon hadis ɗin kuma kada ka yar, ka saya masa gida na USB ya zama wurin ajiye makhɗuɗat, littattafan rubutun hannu, da PDF.

Injiniya_Sharafiya:
Ustaz ya faɗi rabin gaskiya mai kyau. SSD yana tayar da kowace, har N3060. Amma akwai inda ba ya kaiwa. In ka buɗe PDF na littafin da aka ɗauka da sikana, mujalladi mai shafi ɗari bakwai, kowane shafi hoto ne, furosesa ne yake zana shi. A nan N3060 zai nuna maka fari kafin rubutu ya fito, ko da SSD goma ka sa. Haka Zoom, haka burauza mai shafuka da yawa.

In za ka ƙara ram ka lura. N3060 DDR3L kawai yake karɓa, mai bolt 1.35, kuma iyakarsa 8. In ka sa masa DDR3 ta 1.5 ba zai tashi ba. Na i3 jil na uku yana karɓar duka biyun. Na AMD ɗin DDR4 ne. Kada ka je ka sayo wadda ba ta shiga.

Kuma duk wanda ya ɗauki mai wat 35 a ƙasar nan da zafi ke wuce 45 a bazara, ya sa a buɗe ta a hure fankar a canza ma'ajun, man nan mai rage zafi da ke kan furosesa. Na shekara goma sha uku ya bushe ya zama kamar alli. Rabin masu cewa tsohuwar kwamfuta tana mutuwa da kanta wannan ne ciwonsu.

Bn_Misfala:
Tayyib, me zai hana ya ƙara kaɗan ya nemi ThinkPad T430 ko Latitude E6430 masu i5-3320M? Na kamfanoni ne da ake zubarwa da yawa, suna cika Haraj, kasuwar kayan hannu. Jil ɗaya ne da i3 ɗinsa amma yana hawa har 3.3, kuma jikinsu yana da ƙwari.

Injiniya_Sharafiya:
In ya samu a kuɗinsa ya fi duka ukun. Sharaɗi ɗaya: ya shiga BIOS a gaban mai ita ya tabbatar ba a kulle da kalmar sirri ba. Na kamfanoni sukan zo a kulle, kuma na ThinkPad cire batirin agogo ba ya buɗe shi. Wani abin kuma, i3-3110M a yawancin laftof masu kauri a soket yake zaune ba a manne ba, ana iya cire shi a sa i5 na jil ɗinsa daga baya. Celeron na N da A6 ɗin nan a manne suke har abada.

Hafiz_Linux:
Duk wannan wahalar Windows ce ta jawo. Ku sa Linux Mint na Xfce ko Lubuntu a madadin Windows a kan N3060 ɗin ku ga yadda za ta miƙe. Ba maganar ƙarewar tallafi, ba maganar jerin furosesan da aka amince da su. Shamila kuma tana buɗuwa a burauza.

Ustaz_Kulliyar_Lugga:
Hafiz kullum da Linux ɗinka kamar mai tallan maganin gargajiya. Mushrif, malamin da ke duba aikin, zai ce a kawo masa bahasi a Word, da irin rubutun da kulliya ta ƙayyade, da hamishi a inda yake. Ka rubuta a LibreOffice ka buɗe a Word ka ga yadda ayoyi da baka-biyu za su watse. Mutum yana shekarar ƙarshe ba lokacin gwaji ba ne. Shamila ta burauza kuma intanet take so, shi kuma Gusau zai koma.

Hafiz_Linux:
Bayan ya kammala to. Ina nan ina jiransa.

UmmuKhadija_Makka:
Wani abu da ku maza ba ku duba ba: kibod ɗin akwai haruffan Larabci a jiki? Waɗanda ake kawowa daga Turai da Amurka babu, sai ka manna sitika, kuma da zafin nan wata biyu suke fara ɗagowa suna manne wa yatsa. Wanda zai rubuta shafi ɗari da Larabci ya duba wannan kafin GHz.

Abu_Hafsa_Madina:
Hajiya Allah ya biya ki, ta farko da ta biyu suna da shi, ta ukun ce ban lura ba.

Jiya bayan La'asar na koma. Na yi abin da Malam Tanko ya ce a kan ta farkon, batirin saura kashi 46 cikin ɗari, mai shagon ya ce ai rahoton ne bai iya lissafi ba. Na yi masa sallama. Mai i3 ya sauko zuwa 320, kibod ɗinta da Larabci, BIOS a buɗe, gurbin ram biyu ɗaya ba kowa. Amma da na bar ta a kunne minti goma da bidiyo, gefen hagu ya yi zafin da ba na iya barin hannuna a kai. Har na zaro kuɗi, sai wani ɗan ajinmu ɗan Nijar ya kira ni ya ce zai koma gida yana sayar da tasa, Celeron N4020, ram 4, SSD 128, inci 15, batir lafiya, 430. Yanzu na koma inda na fara.

MaiWurno_82:
Ɗauki ta ɗan Nijar ɗin ya zol. Za ka tuna da ni a Gusau.

ɗan_Kurna_Riyad:
Ta i3 ɗin 320, da SSD da ram da batir, lissafa ka gani, wajen 500 ne kuma ka fi shi ƙarfi. Zafin ma'ajun ne kawai, Injiniya ya riga ya faɗa.

Malam_Tanko_IT:
Ƙarfin da ya fi shi ba mai yawa ba ne, kuma ɗaya tana karɓar Windows 11 ɗaya ba ta karɓa.

Injiniya_Sharafiya:
Kada ka biya kowa tukuna. Ka tabbatar 128 ɗin nan SSD ne na gaske ba eMMC ba, mutane suna kiran duka biyun da suna ɗaya. A mudirul maham za ka ga sunan ma'ajiyar, in ka ga MMC a ciki ka san inda aka dosa. A sashen zakira, wato ram, kuma wani lokaci yana nuna gurbi nawa ake amfani da su, amma ban cika yarda da shi ba. Ka kifa ta ka ɗauko min hoton takardar da ke ƙasanta inda lambar samfurin take, zan gaya maka ko ram ɗin tana ƙaruwa. In tana ƙaruwa zuwa 8 magana ta canza, in a manne take ina nan a kan i3.

Abu_Hafsa_Madina:
To Injiniya. Yana Haram yanzu, sai bayan Isha zai dawo masauki, zan turo.

Direban_Batha:
Kafin ya turo, don Allah Injiniya, ita tawa mai Atom ɗin akwai abin da za a iya yi mata, ko in bar wa yarinyar kawai?